Ranar da Na Tona Ƙarshen Labarin Tsoho Mai Goro

A shekarun alif ɗari tara da hamsin, gab da samun 'yancin kai, ni yaro ne da aka kawo Zongon Kumasi hannun gwaggo bayan rasuwar mahaifiyata. Ina da i'ina, don haka yaran unguwarmu ta Aboabo ba sa sa ni a wasa. Mafakata ita ce rumfar wani tsoho mai ɗaurin goro, mutumin Nijar, wanda ke rubuta dogayen labarai da ajami, yana karanta wa yara babi-babi duk Alhamis da la'asar.

Har na tsufa ban ji mai labari irinsa ba. Babu gizo, babu kura, babu wa'azi a ƙarshe. Yaran cikin labarinsa irinmu ne, masu tallan koko, masu cakuɗa Hausa da yaren Asante. Zai ja ka har hannun yaron ya kai kan sakata, sai ya naɗe takarda ya ce sai wani mako. Kafin kowa ya ji babi, ni yake fara karanta wa ina jiƙa masa ganyen ɗaurin goro. Ba ya tambaya ko ya yi daɗi, fuskata yake kallo. Inda na waiwayi titi, nan zai soke.

Da ya zo ƙarshen labarin wata yarinya da ta ɓata a babbar kasuwa, yara suka yi ta musu kan wanda ya tsince ta. Kwaɗayin a yi da ni ya ja ni, na zayyana musu komai. Ranar har gurguru aka ba ni. Da Alhamis ta zo, tsoho bai gama buɗe baki ba suka yi ta ihun ƙarshen, suka watse wajen ƙwallo. Haka ya karanta wa benci har layin ƙarshe, ina rakuɓe. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi zai rubuta wani, amma yanzu ba shi da fuskar da zai gwada shi a kai. Kafin Asabar yaran sun koma kwaikwayon i'inata, ni kuma kunya ta hana ni komawa rumfar har tsohon ya bi motar goro ya koma gida.

Kaɗaici mugun mashawarci ne, jama'a. Wanda ya ba ku wurin zama lokacin da kowa ke korarku, kada ku sayar da amanarsa don a yi muku dariyar yini ɗaya. Ni na yi, kuma har yau Alhamis da la'asar ba na son zama ni kaɗai.