Dakta Kwalba da Makullin Ɗakin Gwaji

Ranar da yayan mijinta ya sha kwalba mai lamba goma sha huɗu, Dakta ta so ƙasa ta tsage ta shige. Bawan Allah ya shigo da tsakar rana, gumi har cikin kunne, bai jira a kawo masa ruwa ba ya buɗe firji da kansa, tunda gidan ƙaninsa ne. Ya ga kwalabe jere reras, kowace da 'yar takarda manne a jiki, ya zaɓi wadda ta fi sanyi ya kafa kai. Ya kusa shanyewa ta fito daga kicin ta ƙwalla ƙara.

"Yaya! Ba na sha ba ne!"

"To na wanka ne?"

"Na rijiyar bayan garejin makanikai ne. Aunawa zan yi."

Yaya ya dubi kwalbar, ya dube ta, ya ce, "To ga ni, sai ki auna ni." Kwana uku ya yi yana sintiri tsakanin gado da banɗaki. Daga nan 'yan layin suka laƙaba mata Dakta Kwalba, sunan kuwa ya zauna daram.

Malamar jami'a ce, amma in ka gan ta ranar Asabar da takalmin roba da guga, tana leƙa rijiyoyin mutane, sai ka rantse ɗan kunnenta ne ya faɗa ciki. Shekara goma sha ɗaya tana wannan hidima. Ubanta mai gyaran famfo ne, shi ya koya mata shinshina ruwa kafin ta kai baki. Ƙaninta kuwa gudawa ce ta tafi da shi cikin kwana biyu, yana ɗan shekara huɗu. Ita ba ta ɗauko zancen. Mai shagon kan kwana ne ke tuna wa mutane in tsokana ta yi yawa, sai kowa ya kama bakinsa.

Ajiyar kwalabe a gida ba son ranta ba ne. Firjin ɗakin gwajinta ne ya mutu, ta rubuta takarda har sau shida, shiru. Mijinta, direban motar asibiti, ya riga ya saba: nama a sama, rijiyoyi a ƙasa. A wurin aiki takan ɗiga ruwan a wasu 'yan faranti, ta rufe, bayan kwana biyu ta ƙirga ɗigo-ɗigon da suka tsiro. In sun yi yawa ta je ta sami mai rijiya, ya zage ta tas, gobe ta sake komawa. A haka aka rufe rijiya huɗu, aka matsar da masai bakwai. Nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa ta ce yanzu da damina gadajen yara har hutawa suke yi.

Sai jami'a ta fito da sabuwar doka. Ɗakin gwaji na wanda ke buga takardu a manyan mujallun ƙasashen waje ne. Wanda bai kai biyar cikin shekara uku ba, ya miƙa makulli. Dakta ta aika sau uku, sau uku ana dawo mata da amsa ɗaya: aiki ya yi kyau, amma abin unguwa ne. In ɗakin ya tafi, awon ya tsaya, ɗalibanta takwas kuma sai dai su kalli zanen faranti a allo.

Ta rame. Ko an ce mata "Dakta, yau wa za a shayar?" sai ta wuce kamar ba da ita ake ba.

"Maman yara, ki yi irin nasu mana," in ji mijinta. "Ba kin ce na ofishin kusa da ke ya tsaga aiki ɗaya gida huɗu ba? Ya sa sunan abokansa, su ma suka sa nasa?"

"Rijiya guda zan tsaga gida huɗu?"

Ta dai gwada, sati biyu tana rubutu tana yagawa, ta haƙura.

Ranar zaman kwamitin da ke raba ɗakunan gwaji, Farfesa shugaban kwamitin ya juya takardunta da ɗan yatsa ɗaya. Ta kawo lissafin rijiyoyi da wasiƙar nas, bai ko buɗe ba.

"Dakta, ba mu raina ƙoƙarinki ba. Amma jami'a da sunanta take gogayya a duniya. Ni mutum ɗari uku suka ambaci aikina a takardunsu. Ke fa?"

"Waɗanda nake wa aiki ba sa rubuta takardu, ranka ya daɗe."

"To kin gani. Wannan taimakon jama'a ne, ba bincike ba. Ki miƙa makullin kafin ƙarshen wata."

Ta zare makullin daga cikin na gida, ta ajiye a gabansa tun wata bai ƙare ba. Ta kai ƙofa ta juyo.

"Af, na manta, ranka ya daɗe. Ruwan da mai tanka ke kai wa gidajen ma'aikata, har da naka, na auna shi makon jiya."

Farfesa ya ɗago kai da sauri. "Me kika gani?"

"Abin unguwa ne. Ka jira ya fito a mujallar waje, sai ka karanta."