Tokar Da Na Share A Tsakar Gida

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma safiyar da na share aikin maigidana ba za ta taɓa fita raina ba. Allah ya jiƙansa. Ina faɗa ana rubutawa, ga hawaye sun hana ni gani.

Mai haɗa famfo ne a Gummi. Wata shekara aka ba shi aikin jan ruwa a wani ƙaramin asibitin haihuwa can wajen Gwashi. Damina ta matso, kuma in gulbi ya kawo, mota ba ta shiga. Maimakon ya tare can wata guda, sai ya je ya auno ginin, ya dawo ya zana shi da toka a tsakar gidanmu. Wai nan zai yanka bututu, ya haɗa, ya gwada da ruwa, sannan a ɗauka a kai.

Abin ya ɗaure mini kai. Na ce, "Malam, ana ɗinka riga babu mai riga?"

Ya ce, "In awo ya yi daidai, mi tela zai yi da mutum?"

Washegari hannuna ya yi abin da ya saba. Sai da tsintsiya ta cinye kusurwa guda na farga. Na ɗebo toka a murhu, na mayar da layin yadda na tuna, na ja bakina. Kwana biyu ina daka ina leƙensa, ina mamakin yadda ƙarfe ke bin toka. Rana ta uku ya ɗauki zarto ya nufi kusurwata. Na ajiye taɓarya na sha gabansa.

"Malam, dakata. Wagga toka tawa ce."

Ya dube ni, ya ɗauko takardar awonsa ya sake aunawa. Layina ya gaza da taƙi guda. Na jira faɗa, sai dariya na ji.

"Injiniya, taƙi ɗai kinka ci? Da can daji munka gane, ina za ni samo wani bututu?"

A inuwar gidansa ya gama, ya cika bututun da ruwa, inda ya yi yoyo ya ɗaure. Kwana biyu suka yi a can, shi da yaran aikinsa, suka kafa komai. Ba a yi mako ba gulbi ya rufe hanya, matan ƙauyen kuwa suka haihu da ruwa a famfo.

Tun ranar na gane, kuskuren da aka faɗa kafin a sa zarto, dariya kawai ake biyansa.