Gangaren Tsakar Gida da Ɗan da Ya Zauna

Shekara tara na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata a Jos kafin Allah ya ba ni cikin fari. Saboda haka ranar da aka gaya mini ɗan da ke cikina ya kai kansa inda ƙafa ya kamata ta kasance, sai na ji kamar ɗalibata ce ta riƙe taswira a kife a gaban sufeto.

Ranar awo ce, cikin yana sati talatin da biyar. Nas ɗin da ke duba mu babbar mace ce 'yar Anguwan Rukuba, mai tabarau a kan karan hanci, kowa Sista yake ce mata. Ta lallatsa cikina sama da ƙasa, ta tura ni ɗakin hoto. Da na dawo da takardar ta duba, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama, wannan yaro naki oga ne fa. Ya samu kujera ya zauna."

Na ce, "Ya zauna kamar yaya, Sista?"

"Kai yana sama, nan ƙarƙashin haƙarƙarinki. Ɗuwawu yana ƙasa, a bakin ƙofa. Ki dawo bayan sati biyu. In ya juya, lafiya lau, ki haihu da kanki. In bai juya ba, likita zai sa miki rana a yi aiki a ciro shi."

Ni kuwa ko allura ce sai an riƙe mini hannu. Na san aiki ba mutuwa ba ne. A ɗakin malamai kaɗai akwai mata uku da aka yi wa, suna nan garau suna cin ƙosai suna zagin jadawalin jarrabawa. Amma sanin yana cikin kaina, tsoron yana cikin cikina tare da yaron, kuma su biyun ba sa gaisawa. Sati biyu ke nan tsakanina da wuƙa.

Na yi abin da mai karatu yake yi idan ya tsorata, wato na nemi littafi. A kasuwar Taminus, tsakanin mai tumatir da mai takalman gwanjo, akwai wani dattijo da ke baza tsofaffin littattafai a kan buhu. A wurinsa na samo wani na koyon ungozomanci, bangonsa ya yage, cike da zane. Kafin la'asar na haddace sunayen duk irin kwanciyar da ɗa yake yi a ciki: mai kai ƙasa, mai zama, mai gicciye, mai leƙo ƙafa ɗaya. Na laluba ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, na samu wani abu mai tauri, zagayayye kamar lemo. Na ce to, ga kan. Tun daga ranar na san inda zan dosa idan ina da magana.

Mijina tela ne, Bafulatanin gari, kuma cikin fari ne, don haka kunya ba ta bar shi ya faɗi abin da sunansa ba. Ya je wurin ƙanwar mahaifinsa, wadda muke kira Goggo, inda take sayar da nono a gefen Taminus, ya ce mata wai baƙon da muke jira ya ɓata hanya. Goggo ta gane. A ruga take zaune, bayan gari, kuma ta karɓi haihuwar mata da ta shanu da yawa har ta daina tuna wanne ya fi yawa. Washegari ta bar wa surukarta ƙoren nonon, ta zo gidanmu a unguwar Congo-Russia da ƙullin kayanta.

Ta wanke hannu, ta ɗumama shi a kan murhu saboda sanyin damina, ta shafa man shanu, sannan ta ɗora a cikina. Ba ta danna ba. Tafin hannunta kawai yake yawo a hankali, idonta yana kan bango.

Ta ce, "Na'urarsu ba ta yi ƙarya ba. A zaune yake."

"Za ki juya shi, Goggo?"

"Ni? Da hannu? Ko saniya ba na tura mata maraƙi ta waje, balle 'yar mutane. Wuri ake ba shi, shi ya juya da kansa."

Ta yi mini bayani. A ruga, idan maraƙi ya kwanta ba daidai ba, sai a ja saniyar a kai ta gangare, a tsayar da ita kanta yana kallon ƙasa, bayanta yana tudu. Maraƙin sai ya zame gaba, ya saki ƙugun uwar, ya samu filin da zai gyara kwanciya.

Na ce, "Goggo, yanzu saniya na zama?"

Ta ce, "Ina! Saniya ba ta gardama."

Gangare kuwa ba sai mun je nema ba. Gidan da muke ciki a kan dutse aka gina shi, kamar rabin gidajen garin nan, tsakar gidan kuma ta karkace tun daga ƙofar ɗaki har rariya. Idan lemo ya faɗi daga hannunka, sai ka bi shi bakin zaure. Shekara huɗu ina ƙorafi a kan wannan karkata, shekara huɗu maigidana yana cewa da damina ta wuce zai sayo siminti a daidaita. Goggo ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta dubi yadda ruwan wanke-wanke yake gudu, ta ce wanda ya gina gidan nan ya san abin da yake yi.

Ban yarda nan take ba. Na kira Sista a waya na karanta mata shirin. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ba zai yi miki komai ba. Minti goma, kafin ki ci abinci. Kada ki yi ke kaɗai, in jiri ya kama ki ki tashi. Kuma kada kowa ya danna miki ciki, ko wane ne." Na ce wannan kam Goggo ta riga ta ƙi da kanta. Sista ta ce, "To ki riƙe wannan tsohuwa da kyau."

Haka muka fara. Kowace safiya, idan yayyafi ya tsagaita, Goggo ta shimfiɗa tabarma, kaina wajen rariya, ƙafafuna wajen ɗaki, matashi biyu a ƙarƙashin ƙuguna. Daga nan duniya takan canza tsari. Abin da nake gani shi ne igiyar shanya, gajimare masu saukowa daga kan duwatsu, da diddigen Goggo mai faso, tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana dama fura. Maigida idan zai fita shago ƙafafuna yake fara tararwa, sai ya tsaya ya gaishe su cikin ladabi, ya tambaye su ya kwanan mai su.

Ni kuma, tunda an kwantar da ni minti goma ba aikin yi, sai in ɗora hannu a kan lemon nan na ƙarƙashin haƙarƙari in fara darasi. Na gaya masa duniya da girmanta tana juyawa kowace rana ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Na gaya masa duk kogunan da suka tashi daga tudun nan namu ƙasa suke gangarawa, babu wanda ya tsaya a sama ya naɗe ƙafa. Na yi masa alkawari, na yi masa barazana, na tuna masa uwarsa tana tsoron allura.

Goggo ta ce, "Malama, ki rage. Wannan surutu ko ni ya isa ya zaunar da ni."

Malama take ce mini idan tana tsokana, 'yar nan idan da gaske take.

A kwana na tara da yin awon, bayan la'asar, ina cin dafaffiyar masara sai na ji cikina ya yi wani irin motsi mai nauyi, kamar ana jan kabad daga wannan bango zuwa wancan. Na riƙe ƙofa har ya lafa. Na laluba, lemon yana nan inda na bar shi. Sai na ɗora laifin a kan masara, ban gaya wa kowa ba.

Da safe na fito da matasaina. Goggo ta ɗumama hannu kamar kullum, ta shafa cikin, ta daɗe a wajen mara. Sai ta sunkuya ta naɗe tabarmar.

"An gama. Ya sauka."

Na ce, "Wa ya sauka? Goggo, ga kan nan. Taɓa ki ji."

"Na taɓa."

"To mene ne wannan in ba kai ba? Mai tauri, zagayayye, daidai inda hoto ya nuna. Bari in ɗauko miki littafin ki ga zanen."

"Bar littafin ya huta. Shaƙuwarsa a ina kike jin ta?"

Yaron yakan yi shaƙuwa sau biyu ko uku a yini, wani ɗan bugu a jere kamar agogo, kuma da a sama nake jin ta. Tun jiya da yamma kuwa can ƙasa take. Amma ni malama ce, ba a kama ni da tambaya ɗaya. Na ce motsi yana bin ruwa, ana iya jin sa nesa da inda ya taso.

Ta ce, "To. Bayi sau nawa kika zaga tun asuba?"

"Sanyi ake yi, Goggo."

"Jiya ma sanyi aka yi." Ta sa tabarmar a kan kujerarta ta zauna a kai. "'Yar nan, saurara. Gangaren da ya ba shi wuri ya sauka, shi zai ba shi wuri ya koma. In kika kwanta yau, kujerarsa kika mayar masa. Ni ba da hannuna ba."

Kwana huɗu suka rage a koma asibiti. A lissafina, kwana huɗu ne na ƙarshe da zan iya yin wani abu, ga shi tsohuwa ta zauna a kan abin. A hannuna akwai takardar hoto mai hatimi da littafi mai zane, ita kuwa tafin hannu ne kawai da man shanu. Na yi tunanin in faki idonta in kwanta ni kaɗai. Abin da ya hana ni ba biyayya ba ce tsantsa: mai ciki wata tara idan ta kwanta kai ƙasa a tsakar gidan nan, sai mutum biyu suke tashinta, kuma ban so maƙwabta su tarar da ni ina kiran agaji daga bakin rariya.

Sai na koma ga abin da ya rage mini. Na ninka darasi. Safe da rana da yamma, hannuna yana kan lemon, ina roƙo, ina kawo hujja. Har na karanta masa babi guda daga littafin, da ƙarfi, don ya ji da kunnensa abin da ake bukata daga gare shi. Goggo tana jina, tana ta tankaɗenta. Sau ɗaya dai na ga kafaɗunta suna rawa.

Ranar komawa ruwa ake yi tun safe. Muka shiga keke mu uku, maigida a gaba kusa da direba, ni da Goggo a baya, na haɗa har da jakar kaya ko za a riƙe ni. Sista ta kwantar da ni, ta lallatsa sama, ta lallatsa ƙasa, ta cire tabarau.

Na riga ta magana. "Yana nan a zaune ko, Sista? Ga kan nan."

Ta kama hannuna ta ɗora a kan lemon. "Kaɗa shi. Kin ji duk jikin yana bi? Kai in kin kaɗa shi, shi kaɗai yake rawa, kamar ƙwallo a ruwa. Wannan ɗuwawu ne, Malama. Kai yana can ƙasa, ya shiga ƙugu ma."

Hoto ya faɗi abin da ta faɗa. Na fito da takardar a hannu, na zauna a benci kusa da Goggo. Babu wuƙa. Na yi hamdala ta fi sau goma kafin wani tunani ya iso.

Na ce, "To ni kwana huɗun nan da wa nake magana?"

Goggo ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Sista, da ta biyo ni da katina, ta tambayi abin da ya faru, Goggo ta ba ta labari har da babin da na karanta. Matan da ke layin awo suka ji, benci ya ɗauki dariya. Maigida ya tashi ya tafi duba ko ruwa ya tsaya.

Da dariya ta lafa Sista ta ce, don kada wata ta ɗauka magani ne, yara da yawa da kansu suke juyawa ko an kwanta a gangare ko ba a kwanta ba. Na zaci Goggo za ta ji haushi. Ta ce, "Gaskiyarki, 'yata. Shi ya juya. Ni tabarma na shimfiɗa, na kuma san ranar naɗe ta."

Bayan sati uku na haihu da kaina, da hantsi, kai ne ya fara fitowa kamar yadda zanen littafi ya nuna. Ogan da ya samu kujera ashe mace ce.

Da damina ta wuce, maigida ya cika alkawarin shekara huɗu, ya sayo siminti buhu uku. Na ce ya shafe bangon kicin da shi. Tsakar gidan tana nan a karkace, yarinyar tana gangarar da lemo a kai ta bi shi da gudu har zaure. Yanzu shekararta shida. Idan ta yi laifi na zaunar da ita na fara dogon bayani, takan saurara kaɗan, sannan ta juya mini baya a hankali. Ba na jin haushi sosai. Da wannan ɓangaren muka fara sabawa.