Wuƙar Ɓare Lemo

Jiya a unguwar Abbasiya ta Alƙahira na ga mai lemo yana ɓarewa, ɓawon bai tsinke ba, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Haka shi ma yake yi.

Dattijo ne a cocinmu, kowa Kawu yake ce masa, bai taɓa aure ba. A shekarata ta biyu a Alƙahira, matata tana Najeriya, sha'awa ta hana ni sakat. Bayan sujada na bi shi ɗakinsa na ce, "Kawu, ayar nan ta waɗanda suka mai da kansu babanni saboda Mulkin Sama ta tsaya mini a rai. Zan nemi likita ya dandaƙe ni in huta. Ba haka ka yi ba?"

Bai yi dariya ba. Ya gama ɓare lemonsa, ƙamshi ya cika ɗakin.

Ya ce, "Ɗana, lafiyata ƙalau. Kowace safiya nake sake zaɓar kame kaina. Wuƙa ba ta kai zuciya. Kuma jikin nan ba naka kaɗai ba ne. Ka tambayi matarka?"

Ya miƙo mini rabi. "Yalla, maza kira ta."

Bayan wata uku ta iso. 'Yar da muka haifa daga baya ba ta riske shi ba.

Ubangiji ya hutar da Kawu. Bai haifa ba, amma ya bar mini 'yar nan.