Sun Rataya Sunan Yaya Muntari, Sun Goge Aikinsa

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Muntari, Allah ya jiƙansa. Na so in tuna shi da magana mai daɗi, amma abin da na gano a garin Dapaong ya tsaya mini a wuya.

Duk wanda ya san Zongon Sokode ya san shagonsa na gyaran kwamfuta. Yaya mutum ne mai tsirfa. Bai yarda da manhajar da za a hana shi duba cikinta ba, yakan ce babanmu mahauci bai taɓa sayen bijimi bai shafa jikinsa ba. Shi dai a ba shi wadda kowa ke da ikon gyarawa ya miƙa wa wani kyauta. Wajen zaɓen abin rubutu ya daɗe yana gwaje-gwaje kafin ya tsaya a kan Vim, manhaja mai hali biyu: ko dai kana rubutu, ko ka dakata kana ba da umarni, ba a haɗa su. Ranar da ya fara koya mini, sunana kawai na buga, ashe a halin umarni take, sai rabin layi ya ɓace. Ya yi dariya har da hawaye. Da hannuna ya faɗa kuwa, na manta da linzamin kwamfuta, kuma da Vim ɗin nake aikin sakatariya har yau.

Wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Dapaong ta roƙe shi ya shirya wa 'ya'yansu ɗakin koyo da tsofaffin kwamfutoci. Ya yi ta sintiri a mota, yana saita su ɗaya bayan ɗaya da Vim da sauran manhajojin kyauta, har suka riƙa gudu ba intanet, ba lasisi.

Bana suka gayyace ni bikin sa wa ɗakin sunansa. An sha fenti, an kafa allo mai sunansa, lasifika sai ihu take. Na zauna na kunna kwamfuta guda. Ashe sun goge komai, sun ɗura manhajar sata. Talla na faɗowa kamar ƙudaje a mahauta, rabin kwamfutocin ma sun ƙi tashi. Wallahi ƙyama na ji. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

Shugaban ƙungiyar ya ga fuskata, ya ce, "Tanti, yi haƙuri. Abin marigayi ya tsufa, yara ko fita daga ciki ba su iya ba."

Fitar da ake koya kafin shayi ya huce! Ina nan da raina, babu wanda ya ɗaga waya ya tambaye ni.

 Da Yaya ne, zai naɗe hannun riga ya ja kujera ya sake daga farko. Ni ban gaji haƙurinsa ba. Na ce su zaɓa: ko su bar ni in mayar da aikinsa, ko su sauke sunansa. Suka ce sai an gama biki. Har yau shiru.

To me ya rage na Yaya? Saitinsa na nan a kwamfutata, yana kuma wurin duk wanda ya taɓa roƙonsa ya kwafa, domin bai taɓa hana kowa ba. Mai so ya same ni a Sokode, in zaunar da shi in koya masa. 'Yan Dapaong kuwa su riƙe allon, shi kaɗai suka iya amfani da shi.