Kilomita Ashirin a Awa

Sai da Aukje Boonstra ta cika shekara sittin da takwas sannan ta fara riƙe sitiyari. Kafin nan mijinta Wiebe ke tuƙi, ita tana gefe tana nuna masa kuskurensa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana juya cuku a masana'antar madara, har kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu. Da Wiebe ya rasu, bas ɗin ƙauyensu kuma ya koma zuwa sau biyu a rana, sai ta sayi irin ƙananan motocin nan masu kujera biyu, waɗanda gudunsu ba ya wuce kilomita arba'in da biyar, ba a kuma barin su hawa babbar hanya. Ja ce, ƙirar wani ƙaramin kamfani da ko sunansa mutane ba sa iya faɗa daidai. Da ita take zuwa kasuwa, da coci, da wurin yayarta Sjoukje da ke gidan kula da tsofaffi, duk ranar Talata.

Shekara tara ba ta san ciwon kai ba, don akwai Douwe a Dokkum, shi ne wakilin kamfanin. Sai gwiwoyin Douwe suka gaza, ya rufe gareji. Ba a yi wata uku ba wata fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyarin motar, gudunta ya faɗo zuwa ashirin.

Ta kai wa bakaniken ƙauye. Ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Aukje, ƙwaƙwalwarta ce ta kulle kanta. Na'urar buɗewa kuwa sai wakilinsu."

"Ina wakilin?"

"Zwolle."

Kilomita ɗari da talatin ke nan.

Ranar Lahadi ɗanta Hylke ya zo shan kofi. Bai gama cin biskit ɗinsa ba ya soma da "Mem", wato Mama a yarensu.

"Mem, bari in zo da tirela in ɗauke ta."

"Ka ɗauke ta zuwa ina?"

"To... mu ga abin da za su ce. In gyaran bai yi ba, ai ga ni. Duk inda za ki, ki kira ni kawai."

"In kira ka? Kai da sai an kira ka sau uku kafin ka zo cin abincin da aka dafa dominka?"

"Mem, shekararki saba'in da bakwai fa."

"Ni na haife ka, ba sai ka ƙirga mini ba."

Ta san ɗanta. Ba mugu ba ne, amma duk abin da ya hau tirelar nan ba ya dawowa. Keken Wiebe ya hau, injin yankan ciyawa ya hau. Idan motar ta hau, ita da Sjoukje sai ranar da wani ya samu sarari.

Ranar Alhamis da sassafe ta zuba kofi a fulas, ta naɗe burodi da cuku, ta rubuta sunayen ƙauyukan hanya a bayan ambulan, ta tayar da mota.

Tafiya ce ta kunya ga mai jin kunya. Taraktoci suka jeru a bayanta. Masu keke suka riƙa wuce ta, har wani tsoho mai farin gemu ya sassauta daidai tagarta.

"Uwargida, jana'izar wa ake rakawa?"

"Taka ce, in ba ka dubi gabanka ba!"

Sau biyu ta ɓata hanya. Sau ɗaya ta tsaya a bakin magudanar ruwa, ta yi tunanin kiran Hylke har ta ciro waya. Ta dube ta, ta mayar jaka, ta ci burodi.

Ƙarfe uku da rabi ta isa garejin wakilin a Zwolle. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta yi mata murmushi.

"Kin yi rajista ta intanet? Ba mu da gurbi sai nan da mako uku."

Aukje ta juya. Ta fita, ta ja motar ta gindaya ta a bakin ƙofar da motoci ke shiga, ta kashe, ta zuba sauran kofinta. Ba a jima ba maigidan wurin, Van Lenthe, ya fito yana goge hannu.

"Uwargida, kin tare mana ƙofa."

"Na sani. Ai da gangan ne."

"Daga ina kike?"

"Gaba da Dokkum."

Ya waiga yana neman motar da ta jawo ta, bai gani ba.

"Da wannan? A haka?"

"Awa takwas. Da za ku sayar mini ba wanda ya ce in jira mako uku."

Ya shiga ya fito da na'urar da kansa. Ya jona, ya danna, ya sauya wata ƴar waya da ta tsatsa. Minti goma sha biyu, fitilar ta mutu.

Yana naɗe igiyar na'urar ya ce, "Gara in gaya miki gaskiya. Ƙarshen shekara mu ma za mu daina karɓar irin wannan. Ba su da yawa, ba riba. Wakilin da zai rage yana can kudu, kusa da iyakar Beljiyam. A shawarce, ki rabu da ita tun tana motsi."

"Kilomita nawa daga nan?"

"Ɗari da hamsin, ko fiye."

Aukje ta ɗaga kai tana lissafi da leɓe.

"Kwana biyu ke nan daga gida, in ta sake kullewa. Akwai masauki a hanya?"

"Uwargida..."

Ta miƙa masa biro.

"Rubuta mini sunan garin. Da manyan baƙaƙe, idona ba kamar da ba."