Tambarin Masu Taki a Shafinmu

Ni ke kula da shafin intanet na ƙungiyarmu ta manoman masara da waken soya a Funtua. Aikin ba wani mai wuya ba ne, sai dai dattawa. Kowane shugaban reshe yana son gonarsa ta fito a shafi, don haka na ba su damar ɗora hoto da kansu, in huta da waya.

Shugaban reshen Kafur aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Mutum ne da in ya ce a kawo kuɗin taki, ba mai tambayar rasit. Sunansa shi ne jarinsa.

Wata safiya da damina ya kira ni, murya cike da murna.

"Ɗana, wasu masu taki sun neme mu. Sun turo tambarinsu, sun ce a sa shi yadda yake, kar a taɓa. Na ɗora. Buɗe ka gani!"

A wajenmu in babba ya miƙo maka abu, karɓa kake yi da hannu biyu, ba ka tsaya jujjuya shi ba. Da akwai wuta, da nan take na buɗe a kwamfutata, inda kullum nake ciki a matsayin mai kula da shafi. To an ɗauke, batir kuma ya mutu. Ina ta mita na tafi shagon wani abokina mai buga takardu, na ari tasa.

Ina danna hoton, tambarin ya fito, amma shafin ya yi wani ƙif, kamar yana neman zuwa wani wuri. Jikina bai ba ni ba. Na buɗe cikin fayil ɗin. Ashe irin hoton nan ne da ake zanawa da rubutu, kuma an cusa umarni a tsakiyarsa: duk mai kula da shafin da ya buɗe, a kwashe izinin shigarsa a aika waje. A kwamfutar aro ba abin kwasa, don ban shiga da izinina ba. Da tawa ce, da sun shiga a matsayina, su buga sanarwar taki ta ƙarya da sunan Baba, manoman garuruwan Ƙarfi da Dayi kuwa ba za su yi ko ɗar ba.

Na shiga da izinina, na goge hoton ba tare da na sake buɗe shi ba, na hana shafin karɓar irinsa, sannan na zauna ina hamdala, har da gode wa rashin wuta.

Saura faɗa wa Baba, wanda ya fi komai yi mini nauyi. Na hau babur zuwa Kafur, na same shi a zaure. Muka gaisa, na tambayi gona, na tambayi ruwa, na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji.

"Kai, faɗi abin da ya kawo ka."

Na faɗa, kaina a ƙasa. Da na gama, ya ce:

"Akwai wanda aka cuta da sunana?"

"Babu, Baba. Ko mutum ɗaya."

Ya sauke numfashi, ya shafa fuska.

"To alhamdu lillahi. Ka rufe ƙofar ɗora hoton nan ga dukanmu, sai ka duba kafin a sa. Kuma ka fara da ni."